Motar telekomand ta kwatano: wahalar kayan gyara daga Tamaske zuwa Kano

Duk shekara, idan salla ta gabato ko damina ta kusa faɗuwa, motocin da ke tasowa daga Tawa zuwa Keita sukan sauke ƴan biɗa a Tamaske da kaya niƙi-niƙi. Wanda ya fito Kano ko Ikko, wanda ya fito Abijan, wanda ya ƙetaro daga Libiya, kowa da tsarabar da ya ɗauro wa iyali. A da, tsarabar yaro ba ta wuce riga da takalmi da ƙwallo. Yanzu kuwa a cikin buhunan akan tarar da wata ƴar mota mai batir wadda ake tuƙawa daga nesa da telekomand, abin da mutanen Najeriya ke ce wa rimot. Da yawa daga cikinsu ba sababbi ba ne, ƴan kwatano ne, waɗanda wani yaro ko wani babba ya gaji da su a ƙasar Turai, suka bi jirgin ruwa tare da tsofaffin firji da talabijin har suka faɗo hannun ɗan Adar. Ranar farko yaran unguwa duka suna biye da ita. Bayan mako biyu ko uku sai a neme ta a rasa a waje: tana ƙarƙashin gado ko bisa kwaba, ƙura ta lulluɓe ta, yaro yana kuka, uba kuma yana yawo da ita cikin leda daga rumfar mai gyaran rediyo zuwa ta mai gyaran salula.

Mai karatu zai iya cewa wannan zancen yara ne, bai cancanci shafin jarida ba. To amma tambayar da uban nan ke yawo da ita ita ce wadda mai kamiyo ke yi, da mai injin ban-ruwa a fadama, da ma'aikacin da ya tara albashin watanni ya sayi mota ta hannu: abin ya tsaya, ina za a samu ɗan ƙarfen da ya mutu a ciki? Ƴar motar nan ta tattara wannan matsala duka a cikin abin da bai fi tsawon kamu biyu ba, shi ya sa ta isa a duba ta da kyau.

Irin wadda ake magana a kanta ba motar tsere ba ce. Motar hawan dutse ce, mai jan ƙafa huɗu, mai manyan tayoyi masu laushi, wadda aka ƙera don ta yi tafiyar hawainiya, ta taka dutse ta sauka a hankali kamar yadda katafila ke yi. In da ƙasar da ta dace da ita a duniya, to Adar ce, inda dutse bai da tsada. Kamfanin Tamiya na ƙasar Japan, wanda ya fara fitar da kayan wasa masu tuƙi daga nesa a 1974, ya fito a 1981 da wata ƴar Toyota mai ɗaukar kaya, mai jan ƙafa huɗu da giya uku, girmanta kashi ɗaya cikin 10 na motar gaske. Daga baya kamfanonin Amurka irin su Axial da Traxxas suka shiga, har Traxxas ya fitar da samfurin TRX-4 a 2017 da siffar Land Rover. Sai kuma masana'antun ƙasar Sin, musamman na yankin Chenghai da ke birnin Shantou, inda ake ƙera kaso mai yawa na kayan wasan duniya, suka cika kasuwa da ƙanana masu sauƙin kuɗi, irin su WPL da MN. Akwai ma wata MN82 mai kama da Land Cruiser a-kori-kura, wadda duk ɗan Nijar zai gane ta da gani ɗaya.

Abu na farko da ya kamata mai neman gyara ya sani shi ne, waɗannan motoci iri biyu ne, ko da yake a ido kamarsu ɗaya. Kama da wane kuwa ba ta wane. Akwai wadda aka ƙera don a yi wasa da ita a jefar, akwai wadda aka ƙera don a kwance a sake ɗaurawa. Ba a buƙatar ilimin lakkol kafin a bambance su, turnabis ya isa. A kifa motar a duba cikinta. Idan an liƙe ta da gam ko an narka roba an haɗe bakinta, tayoyin kuma an danna su ne a kan sanda ba noti, sannan wayoyi duka sun taru a kan ɗan allo guda, to ta jefarwa ce. Idan kuwa ko'ina kusoshi ne masu murɗi, kowace taya da notinta, inji da akwatin giya da na'urar juya kai kowane zaman kansa yake yi da ɗan filoginsa, to wannan tana da magani. Masu ƙera irin ta biyun, kamar Tamiya da Traxxas, suna buga takarda mai zanen motar a warwatse, kowane ƙarfe da lambarsa, kuma ana samun takardun a intanet. Wanda ya san sunan motar da lambar abin da ya karye ya yi rabin tafiya. Wanda kuwa bai san ko sunanta ba, don kwatano ba ta zuwa da kwali, sai ya ɗauki hotonta ciki da waje, ya nemi rubutun da ke jikin shasi, ba na jikin murfi ba, domin murfi ana sauya shi kamar riga.

Abu na biyu, kada a sayi komai kafin a san abin da ya mutu. A nan ne kuɗi suka fi salwanta. Uba ya ji an ce inji ne, ya aika Kano a sayo inji, a ɗaura, mota ta ƙi motsi, alhali tun farko batir ne ya gaji.

Batir shi ne ya kamata a fara tuhuma, don shi ke fara mutuwa a kayan da suka daɗe a ajiye. Tsofaffin motoci suna aiki da ƙunshin duwatsu shida, kowane bolt 1,2, jimla 7,2. Na yanzu kuwa galibi batirin litiyom gare su, gida biyu, kowane bolt 3,7, jimla 7,4. Mai gyaran rediyo yana da mitar da za ta faɗi gaskiya cikin minti ɗaya. Gidan litiyom idan ya cika yana kai bolt 4,2. Idan ya faɗi ƙasa da 3 ya daɗe a haka, ya lalace, ko ya karɓi caji ba zai riƙe ba. Sa'ar da aka yi ita ce, maye gurbinsa na nan kusa. Akwai wani dutsen litiyom mai siffar kara, ana ce masa 18650 saboda kaurinsa milimita 18 ne tsawonsa 65, wanda ke cikin tsohon batirin kwamfutar hannu, da fitilun sola, da tocilan da ake caji. Mai hannu zai iya zaɓar biyu masu lafiya, iri ɗaya, ƙarfi ɗaya, ya jera su ya tayar da ƙaramar mota. Sai dai a kula da abu biyu. Na ɗaya, jan waya da baƙar waya: idan aka juya su ko da na ƙiftawar ido ne, na'urar daidaita gudu ta ƙone ke nan, kuma filogin batir iri-iri ne, wani ma yakan shiga daidai amma wayoyinsa a juye. Na biyu ya fi wannan nauyi, domin ya shafi rai da dukiya. Batirin litiyom mai laushi, wanda ke cikin leda mai ƙyalli, idan ya kumbura ko ya huje yana kama wuta, wutar kuma ba ta jin magana. A ƙasar da zafin Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40, barin irin wannan batir a rana, ko cikin mota a kulle, ko a kan katifa yana caji da dare kowa na barci, ganganci ne. Wanda ya kumbura ba a gyara shi, ba a soke shi da allura wai don iska ta fita, ba a ba yaro ya yi wasa da shi, ba a kuma jefa shi cikin juji inda ake cinna wa shara wuta. A caja shi da cajar da aka yi dominsa, a kan siminti ko cikin tukunyar ƙasa, nesa da zana da buhunan hatsi, da mutum a kusa.

Inji shi ne ya fi sauƙin samu, ko da yake mutane sun ɗauka shi ne mai wuya. Dalili kuwa, masu ƙera motocin wasa ba su suka ƙirƙiro shi ba. Sun ɗauko shi ne daga jerin ƙananan injunan lantarki da duniya ta riga ta daidaita girmansu, waɗanda kamfanin Mabuchi na Japan ya shahara da su. Ana kiransu da lamba: 130, 180, 370, 540, 550. Ƙananan suna cikin tsofaffin rakoda, da na'urar buga takarda ta ofis, da wasu kayan wasan da suka mutu ta wani wajen. Mai lamba 550 kuwa irinsa ne a cikin injin huda katako mai batir da kafintoci ke riƙewa. Wato ma'aikacin da ke da matacciyar na'urar buga takarda a kusurwar ofis, wadda ta shekara tana jiran a yi mata takardar fitarwa, mai yiwuwa yana zaune kusa da abin da ɗansa ke kuka a kai. Amma shiga rami ba shi ne dacewa ba. Motar hawan dutse tana son inji mai ƙarfin ja, ba mai gudu ba. A jikin waɗanda aka yi don wannan wasa akan rubuta yawan naɗin wayar da ke ciki. Mai naɗi 35 zuwa 55 shi ne na hawa, mai naɗi kaɗan na tsere ne, idan aka sa shi sai ya yi zafi, ya ƙona na'ura, ya cinye haƙoran giya. A kuma auna kaurin sandar injin, domin ɗan giyar da ke bakinta ba ya shiga kowace sanda.

Na'urar juya kai, wadda masu sana'ar ke ce wa sarbo, ita ke shan wahala fiye da kowa, domin ita ke kokawa da dutse duk lokacin da yaro ya murɗa sitiyari taya tana maƙale. Mai waya uku ta gama-gari ce, ta wannan kamfani tana aiki a motar wancan. Mai waya biyar, wadda ake sa wa motoci masu araha, ba ta aiki sai da allon da aka haife su tare. Akwai kuma wani ɗan tarko: kan sarbo yana da haƙora, wani 23, wani 24, wani 25, kuma hannun da ake ɗora masa dole ya zo daidai. Bambancin haƙori ɗaya ya isa ya sa a tilasta shi, ya yi aiki kwana biyu, ya share.

Telekomand ita ce babbar masifar kayan kwatano, saboda sau da yawa mota takan iso ba tare da ita ba, ko a haɗa ta da ta wata motar a wurin zuba kaya cikin buhu. Tsofaffi suna magana a kan mita 27 ko 40 MHz, da ƴan kiristal guda biyu, ɗaya a hannu ɗaya a mota, waɗanda dole lambarsu ta zo ɗaya. Shi ya sa a da idan yara biyu suka haɗu da lamba ɗaya, wannan yakan tuƙa motar wancan, faɗa ya tashi. Tun tsakiyar shekarun 2000 aka koma 2,4 GHz, inda kowace telekomand ke ƙulla aure da akwatin karɓar umarninta. Ta wani kamfani ba ta jin yaren ta wani. Don haka yawo kasuwa-kasuwa da mota a hannu ana gwada telekomand ɓata takalmi ne. Idan motar ta kwancewa ce, sai a sayi sabuwar telekomand tare da akwatinta, a cire tsohon a sa sabo. Idan ta allo guda ce, sai an sauya allon da sarbon da telekomand gaba ɗaya, a nan kuma mai hankali zai tsaya ya yi lissafi, don kuɗin na iya wuce na sabuwar mota.

Sauran su ne giya, da rulma, wanda a Najeriya ake ce wa boris, da sandunan da ke kai juyi ga taya. Rulma da kusoshi da noti duk ma'auninsu na milimita ne, ana samunsu wurin masu kayan ƙarfe idan aka je da tsohon a hannu. Giya ce ba ta da tausayi. Tazarar haƙoranta iri-iri ce, wata ma'aunin Amurka, wata ma'aunin Japan, ido kuma ba ya raba su. Ba a ƙera ta a maƙera, gam ba ya riƙe ta, mai walda ba shi da abin yi da roba. Ita ce ke kashe yawancin motocin nan, kuma abin da ke kashe ta shi ne ƙasarmu: ƙurar hunturu da jan yashi su shiga akwati su gauraya da man giris su zama kamar dutsen wasa wuƙa. Wanda ya ƙera motar ya yi tunanin ciyawar lambu da laka, bai yi tunanin buji ba.

To ina ake zuwa? A Tamaske kanta, da Keita da Buza da Madawa, abin da ake samu shi ne hannu: mai gyaran rediyo da dalmarsa, mai gyaran salula da madubinsa, makanikin babur da tarin kusoshinsa. Waɗannan suna iya batir, da waya, da inji, da maɓalli. Abin da ya wuce nan sai a bi hanyar da duk kayan gyara ke bi zuwa Adar. Daga Tawa a gangara Birnin Ƙonni, a ƙetara Illela, a kai Sakkwato. In ba a dace ba sai Kano, inda Sabon Gari ke da kayan lantarki da na wasa, Kofar Ruwa kuma ke da tsofaffin ƙarafa. Ta ɓangaren yamma akwai kasuwar Katako a Yamai, inda ba a san abin da ake kira shara ba. Sai dai a faɗi gaskiya: a duk waɗannan kasuwanni, abin da aka fi samu gawar wata mota ce da za a fiɗe, ba sabon ƙarfe cikin leda da lambarsa ba. Sabon kam sai an yi oda daga Sin ko Dubai ko Turai, ta hannun ɗan'uwa mai zuwa saro kaya Guangzhou, ko ɗalibi mai dawowa hutu. A tura masa hoto da lamba ta WhatsApp, a aika kuɗi ta Nita ko Al Izza, kaya su iso Yamai, a sa su a motar fasinja zuwa Tawa. Abu mai nauyin goro ɗaya yakan yi wata biyu a hanya, kuɗin ɗaukarsa kuma ya ninka kuɗin sayensa. Batir ma ba a cika yarda a aiko shi ba, domin tun Afrilu 2016 hukumar jiragen sama ta duniya ta hana ɗaukar batirin litiyom a matsayin kaya cikin jiragen fasinja.

Ita kanta hanyar ba kullum take a buɗe ba. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 kuma takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ya toshe hanyar Najeriya da ta Benin. Ko bayan ɗage takunkumin a Fabrairu 2024, Nijar ta bar iyakarta da Benin a rufe, manyan kaya suka koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso. Ƙasar da ba ta da teku, duk abin da ba ta ƙerawa, ranar da aka ja ƙofa ake sanin tsawon igiyar da yake rataye a kai. Dattawan kasuwa sun ga irin wannan tun ranar 12 ga Janairu 1994, lokacin da aka karya darajar sefa, faran ɗin Faransa ɗaya ya tashi daga dala goma ya koma dala ashirin. Dare ɗaya kuɗin duk wani ƙarfe mai fitowa daga Turai ya ninka. Abin da ake jefarwa aka koma gyara shi, wanda ake saye sabo aka koma neman na hannu, kasuwar kwatano ta yi ƙarfi.

A wancan zamani ne aka ga bambanci tsakanin mota da mota. Mai Peugeot 404 ko 504 bai sha wahalar da wasu suka sha ba, domin tun 1975 ake harhaɗa Peugeot a Kaduna, aka kuma ci gaba da yin 504 a can shekaru da dama bayan Faransa ta daina. Kayanta na kowace tasha, kowane makaniki ya haddace cikinta. Wanda kuwa ya ruɗu da kyan fenti ya sayi samfurin da babu irinsa a jaha, motarsa ta zama ɗakin kaji saboda abin da bai fi tafin hannu ba. Haka yake a fadamun albasa a yau. Injin ban-ruwa na Sin da aka kwaikwayo daga Honda ba shi da ƙarkon na asali, kowa ya sani, amma manomi na sayensa da ido buɗe, saboda kaburetarsa da filoginsa da igiyar tayarwa suna rumfa ɗaya da shi, kuma na wannan yana shiga na wancan. Albasa ba ta jiran oda daga Dubai. Kwana uku babu ruwa, aikin rani ya tafi. Mutanen wannan yanki kuma sun ga manyan injuna da idonsu. Aikin raya karkara na Keita, wanda aka fara a 1984 da kuɗin ƙasar Italiya da hannun hukumar FAO, ya shigo da taraktoci da katafila da kamiyo cikin Adar Dutsi da Maggiya, mata kuma suka ɗauki dutse a ka aka yi shingaye da madatsun ruwa. Shingen dutse idan ya zube, kayan gyaransa na kwance a gefensa. Katafila kuwa, komai girmanta, ƴar roba guda mai hana mai zuba tana iya zaunar da ita wata da watanni. Ma'aikatan da ke sa hannu a takardun sayen injuna, ko karɓar kyautarsu daga ƙasashen waje, ya kamata su riƙa neman shafin kayan gyara kafin shafin farashi, domin sau da yawa wannan shafi ne ba ya cikin fayil.

Su ma Turawan da ke turo kwatano sun fara kokawa da wannan ciwo a gidajensu. A Janairu 2021 Faransa ta wajabta wa masu sayar da wasu kaya, kamar salula da kwamfutar hannu da talabijin da injin wanki, su liƙa maki daga sifili zuwa 10 mai nuna sauƙin gyaransu, kuma samuwar kayan gyara da farashinsu na cikin abin da ake aunawa. A 2024 Tarayyar Turai ta kafa doka kan haƙƙin gyara. Kayan wasa ba su cikin jerin na Faransa, kuma ba wanda zai liƙa maki a kan buhun kwatano a Ƙonni. A nan makin yana bakin ɗan kasuwa ne, idan ya ga dama ya faɗa.

Nan ne kuma hukunci ya faɗa kan masu saro kaya. Wanda ya cika kwali da motoci iri goma, kowace da siffarta, don rumfa ta yi kyau, ya sayar da abu goma da ba ɗaya da zai ceci ɗan'uwansa. Wanda ya ɗauko iri ɗaya ko biyu, ya ƙara da ƴar jaka ta giya da sarbo da inji da taya, ya buɗe wa kansa ciniki na biyu, domin mai motar zai dawo, ba da zagi ba, da kuɗi. Ƙananan motocin Sin irin WPL da MN, duk da arahar robarsu, suna da wannan fa'ida: ana sayar da kayansu ɗai-ɗai, har da na ƙarfe masu maye gurbin na roba, kuma da yawa na wannan samfuri suna shiga wancan. Ga mai zaune Tamaske, irin wannan sabuwa ta fi babbar mota mai suna ta kwatano wadda ta zo ba telekomand, ba caja, ba takarda. Tsohon doki sai mai shi, in ji Hausawa, mai shi kuwa ya rage can ƙetaren teku. Babbar ta fi ƙarko, ba shakka, kuma kamfanin da ya yi ta yana iya riƙe kayanta shekaru. Tamiya ma yakan sake fitar da tsofaffin samfura, kamar yadda ya yi wa Bruiser ta 1985 a 2012. Amma wannan amfani ne ga wanda ke da ɗan'uwa a Faransa ko Amurka mai haƙurin bin lamba. Wanda ba shi da shi, gara ya nemi biyu iri ɗaya a buhu, ɗaya ta yi tafiya, ɗaya ta zama rumbun kayan gyara, kamar yadda masu kamiyo ke ajiye matacciya a bayan garaji.

Akwai kuma wata riba da iyaye ba su cika lissafawa ba. Yaran Adar ba baƙin ƙira ba ne. Tun kafin batir ya zo suna yin motar kara, da ta waya, da ta gwangwanin madara mai tayoyin tsohon silifa, har da sitiyari mai dogon hannu. Wannan mota ba ta taɓa jiran oda daga ko'ina ba. Yaron da ya saba da ita, idan aka zaunar da shi gefen mai gyara ranar da za a buɗe ta telekomand, zai ga a zahiri yadda inji ke juya giya, giya ta rage gudu ta ƙara ƙarfi, sanda ta raba juyi gaba da baya, sifirin ya haɗiye dutse. Tsarin nan shi ne na Land Cruiser ɗin da ke wucewa zuwa Keita, girma kawai ya bambanta. Uban da ya kulle motar a kwaba don kada a ƙara lalata ta ya yi asarar kuɗin, ya kuma yi asarar darasin. Wadda ma ba ta gyaruwa, injinta da batirinta da maɓallinta suna iya komawa cikin motar gwangwani, su tayar da ita.

Wadda aka samu aka tayar kuwa, kulawarta ba ta da yawa. Bayan kowane wasa a kakkaɓe ta da tsohon buroshin haƙori, a cire batir a ajiye shi a inuwa, ba cike tam ba, ba kuma a ƙare ba. Sau ɗaya a wata, musamman lokacin hunturu, a buɗe akwatin giya a share tsohon giris a sa sabo kaɗan, don mai yawa ƙura yake kira. Kada a zuba mata baƙin man mota, yana cin wasu robobi. Idan taya ta maƙale tsakanin duwatsu, a koya wa yaro ya saki maɓalli ya je ya ɗaga ta da hannu. Kusoshin da aka kwance a zuba su cikin murfin kwalba, kafin a kwance kuma a ɗauki hoto da salula, domin waya mai launi ɗaya takan yi yawa idan aka zo mayarwa. Ƙarfen da ya karye kada a yar da shi: shi za a ba ɗan'uwa mai tafiya Sakkwato ko Kano ya sa a aljihu, ya ɗora shi kan sabon a gaban mai rumfa, ya ƙirga haƙoran ɗaya bayan ɗaya kafin ya biya.